Aikin Gida a Kan Lissafi Mai Zurfi, Amfaninsa da Iyakarsa

Akwai wata gardama wadda ba ta ƙarewa tsakanin mu 'yan manyan azuzuwa da malamanmu na lissafi, watau gardamar aikin gida. Malamai suna cewa ba mu yin isasshe, mu kuwa muna cewa an labta mana kayan da ya fi ƙarfin wuyanmu. Kowace shekara sai a ta da maganar, a yi ta ja-in-ja, har hutu ya zo ya raba. Da ya ke yawancinmu nan ba da daɗewa ba za mu tsaya gaban allo, mu ma mu riƙa ba waɗansu aiki, mun ga ya kamata mu duba al'amarin nan da hankali kwance tun muna jin nauyinsa, kafin mu haye wancan gefe mu manta. Lissafin da mu ke magana a kansa shi ne na manyan 'yan makaranta, watau aljabara mai zurfi, da lissafin kusurwoyi, da kalkulas, waɗanda su ne ƙofar shiga aikin injiniya da sauran ilmin kimiyya. Wanda ƙofar nan ta rufe a gabansa yana ɗan shekara 17, da wuya ta sake buɗe masa.

Da farko dai dole mu yarda malamanmu suna da gaskiya a wuri guda. Lissafi sana'ar hannu ne, kamar saƙa ko ƙira. Yaron maƙeri yana iya shekara yana kallon ubangidansa, amma ran da aka miƙa masa masaba sa'an nan zai san ko ya iya. Haka mu ke a aji. Sa'ad da malam ya ke warware tambaya a kan allo kome sai ya zama sarai, kowa na gyaɗa kai, har mutum ya riƙa mamakin abin da a ke tsoro a ciki. Amma da dare ya yi, aka bar mutum daga shi sai farar takarda, sai ya tarar layin farko ma ya gagare shi. Wurin nan da alƙalami ya tsaya, nan ne koyo ya ke farawa, kuma ba a isa wurin sai an kaɗaita da tambaya. Tun asali ma haka aka koyar da fannin. Littafin da Alhawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, wanda daga sunansa aka sami kalmar aljabara, ƙa'idodinsa kaɗan ne, yawancinsa tambayoyi ne warwararru, na ciniki da awon ƙasa da rabon gado.

Har wa yau lissafi mai zurfi kamar tsani ya ke, kowane mataki yana kan na ƙarƙashinsa. Wanda hannunsa bai faɗa da aljabara ba, in ya zo kalkulas zai yi ta tuntuɓe, ko da ya gane sabon darasin sarai. Ga shi kuwa mantuwa ba ta jiran kowa. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya auna ta a kan kansa, ya buga sakamakon cikin 1885: yawancin abin da a ke mantawa cikin sa'o'in farko da kwanakin farko ya ke zubewa, in kuwa aka maimaita da tazara sai ya zauna. Iyayenmu na makarantar allo sun riga sun san wannan, shi ya sa ba su wasa da tilawa. Darasin da aka ji da safe, in ba a taɓa shi da dare ba, kafin mako ya zagayo ya zama baƙo.

Masu bincike sun gwada maganar nan, sun kuwa tarar tana da tushe, musamman ga manya irinmu. Harris Cooper, shehun malami a Jami'ar Duke ta Amurka, ya tattara binciken da aka yi a kan aikin gida cikin 1989, sa'an nan shi da abokan aikinsa suka sake tattara na shekarun 1987 zuwa 2003, suka buga cikin 2006. Abin da suka samu shi ne, ga ƙananan yara na firamare dangantakar aikin gida da cin jarrabawa ba ta taka kara ta karya ba, amma daga aji na 7 zuwa na 12, watau 'yan sakandare, dangantakar tana da ƙarfi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Babban ɗalibi ya iya zama wuri ɗaya, ya iya komawa littafi ya nemo abin da ya shige masa duhu, ya kuma san inda ya ke da rauni. Saboda haka duk wanda ya ce a soke aikin gida a manyan azuzuwa bai yi mana gata ba.

Amma fa shi Cooper ɗin bai ce a yi ta ƙari ba iyaka ba. Ya ce ga manyan 'yan sakandare amfanin yana hauhawa har wajen sa'a ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi a dare, na dukan fannoni a haɗe, daga nan kuma sai ya tsaya. Ƙungiyar OECD, wadda ta ke jarraba 'yan shekara 15 a ƙasashe da yawa, ta ba da rahoto cikin 2014 a kan jarrabawarta ta 2012, wadda lissafi ne babban fanninta. Ta ce a matsakaici yara suna yin kusan sa'a 5 a mako suna aikin gida. Na birnin Shanghai a ƙasar Sin suna yin kusan sa'a 14, su ne kuma suka zo na ɗaya. Na Finland ba su kai sa'a 3 ba, duk da haka sun wuce matsakaicin maki. Rahoton ya ƙara da cewa in an wuce kamar sa'a 4 a mako, ƙarin lokaci ba ya ƙara wani abin kirki. A ƙasar Sifen kuma, malaman Jami'ar Oviedo sun duba yara 7,725 masu kimanin shekara 14, suka buga cikin 2015 cewa a lissafi da kimiyya waɗanda a ke ba aiki kullum, na kamar sa'a guda, su suka fi cin maki, in kuwa aikin ya zarce minti 90 zuwa 100 sai makin ya soma sauka. Watau yawan kaya ba shi ne ciniki ba.

To, in ba yawan sa'o'i ba ne, mene ne? Wani Bajamushe kuma, Ulrich Trautwein, ya rarrabe abu uku waɗanda mu kan cuɗa su wuri ɗaya: tsawon lokacin da ɗalibi ya yi a kan aiki, da yawan ranakun da malam ya ke ba da aikin, da irin himmar da ɗalibin ya sa. Cikin 2007 ya nuna cewa a lissafi azuzuwan da a ke ba aiki a kai a kai sun fi ci gaba, ɗaliban da su ke yin aikin da zuciya ɗaya su ma haka, amma daɗewar ɗalibi a kan aiki ba ta nuna zai fi cin jarrabawa, sau da yawa ma alama ce ta wanda ya ɓata hanya. Mu da mu ke zama ɗakin firef kowane dare ba mu bukatar a fassara mana wannan. Ga mutum biyu a benci ɗaya. Ɗaya ya gama tambaya takwas cikin minti 40, ya koma ya gwada amsoshinsa, ya rufe littafi. Ɗayan yana nan har a buga ƙararrawa, ya cika shafi uku da gogewa, bai wuce tambaya ta biyu ba, domin akwai wata ƙa'ida ta shekarar bara da ta kuɓuce masa, ba kuwa wanda ya lura. In aka auna da agogo, na biyun ne mai ƙwazo. In aka ƙara masa tambaya ashirin gobe, ba a ƙara masa kome ba sai baƙin ciki.

Irin tambayoyin ma abin dubawa ne. Yawancin littattafanmu, in an koyar da ƙa'ida, sai a jero tambaya talatin duk a kanta. Kafin mutum ya kai ta biyar ya daina tunani, hannu ne kawai ke tafiya, gama ya riga ya san hanyar tun bai karanta tambayar ba. Jarrabawa kuwa ba ta gaya wa kowa babin da tambaya ta fito. Ga misali. An ce mutum yana da waya mai tsawon mita 40, zai kewaye garka mai kusurwa huɗu, yana son fili mafi yawa. Amsa ita ce ya yi kowane gefe mita 10, ya sami murabba'in mita 100. Wanda ya yi irin wannan sau goma a jere zai haddace cewa daidaita gefuna shi ne magani. Sai a ce masa, to, yanzu akwai bango a gefe guda, gefe uku kaɗai za a sa wa waya. Mai hadda zai raba 40 gida uku, ya sami 13 da sulusi, filinsa wajen murabba'in mita 178. Wanda ya fahimci abin kuwa zai kira faɗin x, tsawon ya zama 40 − 2x, filin ya zama 40x − 2x², ya bi hanyar kalkulas ya nemi inda filin ya daina ƙaruwa, watau inda 40 − 4x ya zama sifiri. Sai ya sami faɗi 10, tsawo 20, fili murabba'in mita 200. Bambancin mutum biyun nan ba kaifin kai ba ne, irin aikin da aka saba ba su ne.

An gwada wannan ma. Doug Rohrer na Jami'ar Florida ta Kudu da abokan aikinsa sun ɗauki yara 787 a azuzuwa 54, suka ba su tambayoyi iri ɗaya har wata huɗu. Waɗansu an jera musu babi babi, waɗansu kuwa an gauraya musu, ta yau da ta makon jiya da ta watan jiya a takarda ɗaya. Bayan wata guda aka yi musu jarrabawar ba zata. Masu gauraye suka ci 61 bisa 100, masu jere suka ci 38. An buga wannan cikin 2020. Yaran 'yan aji na 7 ne, amma dalilin ya fi ƙarfi a wurinmu, gama a lissafi mai zurfi rabin aikin shi ne sanin wace hanya za a bi. Aikin gauraye ya fi ɗaci a daren da a ke yinsa, shi ya sa ba mu cika sonsa ba, amma shi ya ke zama a kai.

Sai maganar da kowa ya sani, ba a dai cika faɗinta gaban malamai ba. Duk sa'ad da aiki ya fi ƙarfin lokaci, kwafa ta kan shigo. A kowane aji akwai littafin da ya kan zaga ɗakin kwana kafin gari ya waye, malam ya karɓi littafi arba'in alhali kuwa kai biyu ko uku ne suka yi aikin. Ya ga kowa ya ci, ya ɗauka an gane, ya wuce babi na gaba. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, ran jarrabawa kuwa a kan ga katarar kowa. A zamanin nan ma ba sai an nemi littafin wani ba, wayar hannu tana warware tambaya daga hoto. Cikin 2024 masu bincike na Jami'ar Pennsylvania, Hamsa Bastani da abokan aikinta, suka ba da labarin gwajin da suka yi da 'yan sakandare kusan 1,000 a ƙasar Turkiyya. Waɗanda aka bar su da na'ura mai ba da amsa sa'ad da su ke gwajin lissafi sun fi sauran da kashi 48 bisa 100 a wurin gwajin. Da aka karɓe na'urar aka yi jarrabawa, sai suka kasa waɗanda ba su taɓa ta ba da kashi 17 bisa 100. Waɗanda aka ba na'urar da aka gyara don ta riƙa nuna hanya kaɗan kaɗan, ba ta faɗin amsa, su ba su yi irin wannan faɗuwa ba. Taimakon da ya bar wa mutum tunaninsa ya yi amfani, wanda ya ɗauke masa tunanin ya cuce shi.

Yanzu mu zo ga zuciya, gama cin maki rabin magana ne. Mun ga abokai da yawa waɗanda suka shigo manyan azuzuwa suna son lissafi, suka fita ba su ko son jin sunansa. Ba rana ɗaya abin ya ke faruwa ba. Dare bayan dare mutum yana zama gaban tambayoyin da ba shi da mabuɗinsu, ya kai aikin, a dawo masa da shi da jan gicciye ba bayani, ko kuwa kada a dawo da shi sam. A hankali sai ya yanke wa kansa hukunci, ya ce kansa ba na lissafi ba ne. Daga ran da ya faɗi haka ya daina gwadawa, rashin gwadawar kuma ya tabbatar masa da abin da ya faɗa. Ko masu ƙoƙari ma yawan aiki yana cinsu. Cikin 2013 aka buga wani bincike na Denise Pope ta Jami'ar Stanford da abokan aikinta, a kan ɗalibai 4,317 na makarantu 10 masu suna a jihar Kalifoniya. Suna yin fiye da sa'a 3 kowane dare a matsakaici, kashi 56 bisa 100 nasu kuwa suka ce aikin gida ne babban abin da ke damunsu, da yawa suna kukan rashin barci da ciwon kai. Wanda bai yi barci ba, da wane kai zai karɓi darasin safe?

Amma aikin gidan nan dai shi ne kuma ya ke sa a ƙaunaci lissafi. Duk wanda ya taɓa kwana biyu yana fama da tambaya guda, ya ajiye ta, ya tafi wanka ko filin ƙwallo, sai hanyar ta faɗo masa, ya san wani daɗi wanda ba a samunsa a aji. Daɗin nan ba ya zuwa daga tambaya mai sauƙi ƙwarai, ba ya kuma zuwa daga wadda ta fi ƙarfin mutum nesa. Yana zuwa daga wadda ta ɗan fi tsawon hannu, sai an yi ɗage. Wanda ya ɗanɗana shi sau uku ko huɗu ba mai sake gaya masa lissafi na waɗansu mutane ne. Ƙasar nan ma ba baƙuwar fannin ba ce. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, mutumin Katsina, ya rubuta littafi da Larabci cikin 1732 a kan hanyoyin jera lambobi cikin gidajen murabba'i yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya, ya rasu a Alƙahira cikin 1741, har yau kuwa masu tarihin lissafi suna ambatonsa.

Abin da ya ke riƙe zuciyar ɗalibi a kan aiki, a ganinmu, shi ne ya san za a duba. Tun cikin 1984 Herbert Walberg da abokan aikinsa a Amurka suka tattara bincike suka nuna aikin gidan da malam ya duba, ya sa maki ko ya yi bayani a kai, ya fi wanda aka bayar aka bari amfani nesa ba kusa ba. A lissafi dalilin a fili ya ke. Kuskuren da ba a gyara ba, maimaita shi a ke yi har ya zama hali. Layi ɗaya da malam zai rubuta a gefen shafi, ya ce a nan ka juya alama, ya fi gicciye goma. Mun sani malamin da ke da aji uku, kowane da ɗalibi hamsin, ba shi da ikon duba tambaya talatin ta kowa. Wannan ma hujja ce ta rage yawan tambayoyin zuwa abin da zai dubu.

Akwai kuma waɗanda za mu koyar nan gaba, da yawansu ba 'yan kwana ba ne kamarmu. Mu muna da ɗaki, da fitila, da ƙararrawa mai tsare mana lokaci. Ɗan jeka-ka-dawo in ya koma gida akwai gona ko shago suna jiransa, 'ya mace kuwa ga ɗiban ruwa, ga girki, ga renon ƙanne, wuta kuma ta kan ɗauke sa'ad da aka fi bukatarta. Rahoton OECD ɗin nan ya nuna 'ya'yan masu hali suna fin 'ya'yan talakawa yin aikin gida da kamar sa'a ɗaya da rabi a mako. Malamin da ya ba da aikin sa'a uku, ya hukunta wanda bai gama ba, wani lokaci talaucin gidansu ya hukunta. Gajeren aiki kowa yana iya sama masa wuri, ko da inuwar makaranta ce bayan an tashi.

Saboda haka ga roƙonmu ga malamanmu, wanda kuma shi ne alkawarin da mu ke ɗaukar wa waɗanda za su zauna gabanmu. A ba da aikin lissafi kullum, amma kaɗan, abin da matsakaicin ɗalibi zai gama cikin minti 30 zuwa 45. A sa tambayoyin farko su zama waɗanda kowa zai iya, don hannu ya saki, a gauraya na tsakiya da darussan baya, a ajiye guda ɗaya mai tauri a ƙarshe don masu son kokawa. Malaman fannoni su riƙa shawara da juna, kada kayansu duka su sauka dare ɗaya. A duba aikin, a dawo da shi tun ba a manta da shi ba, a ɗauki minti goma na farkon darasi a warware wadda ta ka da mutane da yawa. A kuma girmama wanda ya kawo rabin hanya da hannunsa, ya rubuta a nan na tsaya, fiye da wanda ya kawo cikakkiyar amsar da ba zai iya bayaninta ba.

Mu kuma 'yan'uwa ɗalibai, namu ya rage. Kowa ya fara kokawa da tambaya shi kaɗai, ko da minti goma sha biyar ne, kafin ya nemi taimako. In ya je wurin aboki, ya ce a nuna masa mataki na gaba kawai, ya koma mazauninsa ya ƙarasa. Wanda aka zo wurinsa kuma kada ya miƙa littafinsa, ya jawo takarda ya tambayi mai tambayar inda ya tsaya. Hausawa sun ce yau da gobe ka sa allura ginin rijiya. Tambaya shida kowane dare, in an yi su da kai, cikin kwana 200 na shekarar karatu sun zama 1,200, wanda kuwa ya warware tambaya 1,200 da hannunsa ba zai shiga ɗakin jarrabawa yana rawar jiki ba.